Rigar Kawu Mai Murafen Kwalba

Tun da muka dawo daga Umara ni da mahaifiyata, duk wanda ya zo yi mana barka da zuwa sai ya karɓi dabino da zamzam, ya gyara zama, ya ce, "To Idi, yaya garin yake?" Na ba da labarin har ya fara sauya kama a bakina, shi ya sa na ga gara in rubuta shi sau ɗaya. Amma in faɗa tun farko, ban riƙe littafi ina rubutawa a hanya ba, kwanakin kuma sun cuɗe mini. Mai yiwuwa abin da na ce ya faru ran Talata, ran Laraba ne. Maganganun mutane kuwa na kawo su ne gwargwadon yadda suka zauna a kunnena.

Ibada ce ta kai mu, wannan babu shakka. Sai dai Umma tana da buƙata ta biyu, wadda duk gidanmu an san da ita. Yayanta, Kawu Sale, ya haura shekara arba'in a Makka, kuma tun da ya tafi bai yarda ya ga kowa daga gida ba. Umma ta ce ba za ta so ɗayansu ya mutu ba su haɗu ba. Kwana goma ne da mu a garin.

Ga asalin maganar, yadda na tsince ta a gida guntu-guntu. Zamanin mulkin soja, Kawu yana saurayi, yana aiki a gidan sinima na garinmu, irin wanda ba shi da rufi, shi ke ɗaura fim a inji. Wata rana aka haɗo musu da wani tsohon fim na Turawa, baƙi da fari, na farkon lokacin da aka soma jin magana a fim. Na barkwanci ne, a kan wani shugaba ɗan kama-karya mai ba kansa lambar yabo duk safiya. Lambobin suka taru a ƙirjinsa na hagu har nauyinsu ya karkatar da shi. Ba wanda ya isa ya gaya masa, sai ministocinsa su ma suka karkace, sojoji suka karkace, daga baya aka yi doka cewa duk wanda aka gani a miƙe ɗan tawaye ne.

Kawu da abokansa na ƙungiyar wasan kwaikwayo suka juya shi zuwa Hausa. Kakana, Malam Idi tela, wanda na ci sunansa, shi ya ɗinka rigar kakin, ya huda murafen kwalbar lemo da ƙusa ya ɗinke su a ƙirji a matsayin lambobi. Suka yi wasan a filin makaranta ranar wani biki, kantoman soja yana kujerar gaba da nasa lambobin. An ce jama'a sun yi dariya, da yawa kuma suna yi suna waiwayen kantoma. Bayan kwana biyu aka zo neman Kawu. Ya tsallake katangar baya, sai aka tafi da uban. Wata uku Malam ya yi a tsare, ya fito da tarin da bai rabu da shi ba har ya rasu bayan shekara goma sha biyu. Kawu ya bi ta Chadi da Sudan har Makka. A can wani alhajin unguwarmu ya gaya masa ya ji da kunnensa Malam ya ce a zaure, kada wanda ya ƙara ambaton sunan Sale a gidansa. Daga nan Kawu ya daina amsa wasiƙa. Da waya ta zo bai ɗauka ba, alhazan garinmu kuma in sun neme shi sai a ce musu ya fita.

Ina jin wannan ne ya sa da na zo rubuta kundin digirina na zaɓi irin waɗannan finafinan, yadda suka yi wa masu kama-karya ba'a. Na nemo fim ɗin, na kalle shi har na haddace, na ajiye shi a wayata. Dabarata ita ce in Allah Ya haɗa ni da Kawu in nuna masa, ko hira ta buɗe. Ban gaya wa Umma ba. Ita ma ashe tana da tata dabarar da ba ta gaya mini ba, don ta hana ni taɓa ƙaramin akwatinta, ta ce kayan mata ne.

Daga Kano muka tashi. Na ɗaura haramina tun a filin jirgi don ina tsoron kada a wuce miƙati ina barci, kuma na sa masa fil har huɗu, duk da haka rabin tafiyar hannuna yana ƙugu. Wanda ke gefena wani ɗan kasuwa ne mai yawan zuwa, na manta sunansa, ina dai tuna zobensa na azurfa. Ya leƙo ya ga ina kallon mutum cikin kaki yana jawabi.

"Malam, wannan fa?"

Na yi masa bayani a taƙaice.

"Ba'a ga shugaba? A wayarka? Kuma ƙasar mutane za ka shiga da shi?" Ya kaɗa kai. "Ni dai ban ce komai ba. Amma an ce suna dubawa."

"Ka taɓa ganin an duba?"

"An ce dai."

Na yi ta juya maganar. Fim ɗin ya girmi mahaifiyata, ba kuma da kowa na ƙasar yake ba. Amma na tuna ni ne muharramin Umma, in aka tsare ni wa zai riƙe mata hannu a ɗawafi? Kafin jirgi ya sauka Jidda na goge fim ɗin. Na goge kundin nawa ma, har da hoton da na ɗauka ranar da na kare shi.

Ba wanda ya ko kalli wayata. Jami'in ya ɗauki hoton yatsuna, ya ce Allah Ya karɓa, ya kira na baya. Akwatin Umma ne ya jawo magana. Da ya bi ta cikin na'ura sai aka ɗaga mana hannu. Wani matashin jami'i ya buɗe, ya ɗaga zannuwa da ƙullin kuka da daddawa, ya zaro wata tsohuwar rigar kaki da ta koɗe. Ya ɗaga ta sama, murafen kwalba suka yi ƙara kamar kacau-kacau. Ban taɓa ganinta ba, amma nan take na gane ta.

Ya tambayi wani abu da na ji kalmar soja a ciki.

"Babana," in ji Umma, don haka take kirana saboda sunan mahaifinta, "ka ce masa kayan gado ne."

Na haɗa Larabcina na Islamiyya na faɗa masa. Ina zaton na yi magana kamar mai huɗuba, don ya kira abokin aikinsa ya sa na maimaita. Ya duba murafen ɗaya bayan ɗaya, ya ninke rigar da kyau, ya mayar, sannan ya ƙame ya sara wa Umma. Ita ko murmushi ba ta yi ba. A cikin bas na tambaye ta, ta ce, "Ka ci gaba da talbiyyarka."

Masaukinmu a unguwar Jarwal yake, hawa na bakwai, tafiyar ƙafa zuwa Harami in mutum bai damu da hawa da gangara ba. Ba zan yi ƙoƙarin siffanta ganin Ka'aba na farko ba, na gwada na kasa. Abin da zan iya faɗa shi ne Umma, wadda a gida sai an taimaka mata ta hau mota, ita ta riƙa jana a Safa da Marwa.

Abinci ya ba ni wahala kwana biyun farko. Da safe wake ne markaɗaɗɗe da mai, ana dangwala da wani faffaɗan burodi mai zafi. Na ci, amma cikina ya yi ta tambayar ina koko. Rana ta uku muka ji wata mata tana ce wa wata, "Ke, miƙo mini ludayin nan," a wani lungu bayan masaukin. Tuwo da miyar kuɓewa suke sayarwa, iyayensu ta Sudan suka zo. Hausarsu irin ta Sakkwato ce, sai dai duk jimla uku sai Larabci ya shigo. Har tsire na gani ana gasawa, sunan ma bai yi nisa da namu ba. Wani abin da na lura da shi, ko da yake kwana goma ba su isa mutum ya yanke hukunci ba: a gida ko wurin mai shayi ka zauna sai an sauke gwamnati an naɗa wata kafin shayinka ya huce, a nan kuwa ban ji ana irin wannan hirar ba. Ban san wanne ya fi ba. Mu da muke yi ɗin ma ban ga ya sauya da yawa ba.

Ta hannun masu tuwon nan muka samu lambar 'yar Kawu, Amal. A can aka haife ta, tana aiki a wani kantin magani. Ta zo masaukinmu rana ta biyar, ta rungume Umma tana kuka tana cewa "Ammati, Ammati," wato goggo. Hausarta tana tafiya kamar mai tsallake kwata, amma ana ganewa.

"Abuya ya san kun zo," in ji ta, tana nufin Kawu. "Ya ce in gaishe ku, in kawo muku dabino."

"Dabino na zo nema?" in ji Umma.

"Wallahi na yi magana, Ammati. Ya shiga ɗaki ya rufe."

Kwana uku muna jira. Umma ta rage cin abinci. Ni kuma na riƙa lissafa ranakun da suka rage, ina tunanin ko in je in tsaya a ƙofar gidan, ina kuma tsoron kada in ƙara ɓata abin. Rana ta takwas Amal ta bugo. Ta ce mahaifiyarta, Hajiya Zainab, ta ce gidan nata ne ita ma, kuma ba a taɓa jin an rufe wa baƙin Allah ƙofa a zuri'arsu ba. Ita ke gayyatarmu cin abinci bayan Juma'a. Wanda ba ya so ya fita ya bar mata gidan.

Unguwarsu, Ka'akiyya, tana can gefen gari. Direban tasi ya zagaya da mu sau biyu saboda na karanta masa kwatancen a juye. Da muka hau sama aka wuce da Umma ɓangaren mata, ni kuma aka buɗe mini ɗakin baƙi, mai kujerun ƙasa jere da bango. Kawu yana zaune a kusurwa. Bai fita ba. Dogo ne siriri, da farar jallabiya, goshinsa irin na Umma sak.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa ba tare da ya dube ni sosai ba.

"Yaya sunanka?"

"Idrisu, Kawu. Sunan Malam na ci."

Ya jawo butar gahawa ya zuba mini ɗan kaɗan a finjali, ko rabi bai kai ba. A gida in an ba ka abu kaɗan ka shanye ka miƙa kofin, an gama. Na shanye na miƙa, ya ƙara. Na shanye, ya ƙara. Ina ganin rashin kunya ne in ce wa babba ya isa, shi kuma yana ta zubawa. Ina jin na kai na bakwai, zuciyata tana bugawa, sannan ya ce, "Kai, girgiza finjalin. Haka ake cewa an ƙoshi. Ko so kake ka ƙarar mini da gahawa?"

Na girgiza da ƙarfi har ya kusa suɓucewa.

Ya tambayi abin da na karanta. Na gaya masa, na kuma gaya masa fim ɗin da na yi rubutu a kansa. Saboda ruɗewa sai na shiga karanto masa abin da na rubuta a ƙarshen kundin, cewa dariya tana rage wa azzalumi tsawo, kuma wanda jama'a suka yi wa dariya sau ɗaya ba za su ƙara jin tsoronsa kamar da ba.

"Wa ya gaya maka?"

"Haka masana suka... wato, haka na fahimta, Kawu."

"Kantoman nan lafiya lau ya gama aikinsa, aka ƙara masa girma. Su waɗanda suka yi fim ɗin, da teku tsakaninsu da wanda suke wa ba'a. Ni katanga ce tsakanina da nawa. Na tsallake ta, tsoho bai iya ba." Ya juya finjalinsa. "An yi dariya, gaskiya ne. Minti nawa? Shi kuma shekara nawa yana tari?"

Na so in ce masa ba duk masu irin finafinan nan ne suke bayan teku ba, wasu ma sun gudu ne kamar shi. Amma na ga ba gardamar ilimi ake yi ba.

Can ya ce, "Yana wurinka? Fim ɗin?"

Dole na faɗa masa gaskiya, da ɗan kasuwar jirgi da komai. Ya dube ni sosai a karon farko. Sai kafaɗunsa suka fara rawa.

"Ka yi digiri a kan masu ƙarfin hali, ka goge a sama? Ko tambayarka ba a yi ba?"

"Ba a yi ba, Kawu."

"Kai ne mai hankalin danginmu. Da ni ne kai da yanzu ina gida."

Yana cikin dariyar ne Umma ta turo ƙofa, ba ta jira a kira ta ba, ƙulli a hammatarta, Amal da Hajiya Zainab a bayanta. Dariyar ta tsaya.

"Yaya."

Ya dubi bango. "Ladidi. Kin tsufa."

"Kai ma ba yaro na tarar ba." Ta zauna a gabansa. "Baba ya yafe maka. Bai ma taɓa riƙe ka ba. Na rubuta maka wannan ya fi a ƙirga."

"Ban buɗe ba."

"Wasiƙun suna cikin akwati, Ammati," in ji Amal a hankali. "Kullu, duka a rufe."

"Duk wanda ya mutu sai a ce ya yafe," in ji Kawu. "Ana faɗa ne don na raye ya ji sanyi. Mutum ya ji da kunnensa a zaure."

"A zaure ya ji. Lokacin nan wanda zai zauna a zaurenka ba ka san inda zai kai maganarka ba. So kake Baba ya ce yana kewarka, a dawo a tambaye shi inda kake? Kai da ka tashi a gidan, ba ka san maganar Baba ta zaure daban ba ce da ta cikin gida?"

Ta kwance ƙullin ta shimfiɗa rigar a kan kafet. Kawu ya ja baya kamar an ajiye masa garwashi.

"Ba a ƙone ta ba?"

"A cikin matashinsa ya ɗinke ta. Ƙirga."

Bai so ba, amma yatsansa ya tafi da kansa. Ya bi layin farko, ya bi na biyu, ya tsaya. "Tara ne. Ni na tsinto su a bayan sinima. Tara ne, Ladidi. Waɗannan fa?"

"Na Baba ne. Duk ƙaramar Sallah in an sauko daga Idi, sai ya sa a rufe ƙofar gida, ya farke matashin, ya huda murfi ɗaya ya ɗinka. Ya ce, yau an ƙara wa Sale girma. Sha biyu ya samu ya ɗinka."

Kawu ya juya rigar ya duba ta ciki. Ni ban ga komai ba sai zare, amma shi ya daɗe yana shafa wurin da babban yatsa. Daga baya ya gaya mini Malam yana da yadda yake ƙulle zare, sau biyu gaba sau ɗaya baya, ba wanda ke yi sai shi.

"In ya gama sai ya saka," in ji Umma. "Ya zagaya tsakar gida."

"Ƙarya ne. Baba? Baba da ko murmushi sai an yi sa'a?"

Umma ta dafa gwiwa ta miƙe. Ni ɗanta ne na fari, ko sunana ba ta faɗa, ban taɓa ganin ta yi wasa a gabana ba. Ta gyara mayafi, ta tura ƙirji, ta ɗaga haɓa, ta karkace hagu, ta soma takawa daga wannan bango zuwa wancan tana ɗaga wa jama'ar da babu hannu. A tsakiyar ɗakin ta tsaya ta yi tari sau biyu, ta ɗaga yatsa alamar a jira ta, sannan ta ci gaba a karkace.

Amal ta toshe baki. Kawu ya yi wani sauti da har yanzu ban san ko dariya ba ce ko kuka, ina jin duka biyun ne. Ya rufe fuska da rigar, murafen suna ƙara. Mun daɗe a haka. Shinkafar Hajiya Zainab ta huce, ba wanda ya kula.

Da ya ɗago ya zura rigar a kan jallabiyarsa. Ta yi masa daidai, don ya rame. Ya miƙe, sai kafaɗarsa ta hagu ta ɗan sauka.

"Ta yi nauyi," in ji shi.

"To miƙe mana," in ji Umma.

"Bar ni haka tukuna."

Washegari shi ya zo Jarwal ya ɗauke mu zuwa ɗawafin bankwana, shi a dama da Umma ni a hagu. Rigar tana wurinsa. Wasiƙun kuma daga baya Amal ta ce yana buɗe ɗaya duk bayan la'asar. Ya ce zai zo ya ga kabarin Malam, bai dai sa rana ba, ni kuma ba zan sa masa ba.

Da na dawo na nemo kundina a kwamfutar wani abokina na sake karanta ƙarshensa. Ban ce ƙarya na rubuta ba, amma na rubuta shi ne kamar wanda bai san ana tafiya da uban wani ba. Ban kuma san da dariyar da ake rufe ƙofa a yi ba, wadda kantoma bai taɓa ji ba, ba ta kuma rage masa komai ba, amma tela mai tari ya ga ta isa ya farke matashinsa duk shekara. Har yanzu ban san a wane babi zan sa ta ba.

Akwai wuraren da ban tabbatar ba. Umma ta ce murafen ashirin da ɗaya ne, ni da na ƙirga a Ka'akiyya ashirin na samu, wataƙila ɗaya ya faɗi a Jidda, wataƙila gahawar ce. Kawu ya ce a ranar wasan kantoman da kansa ya yi dariya kafin ya lura ana kallonsa, Umma ta ce tana wurin, bai yi ba. Na san akwai sauran waɗanda suka tsaya a filin makarantar nan, da matan da suke cikin gidan Malam Idi in an rufe ƙofa ranar Sallah. Duk wanda ya ga inda na kauce, don Allah ya aiko mini in gyara. Zan kuma kai wa Kawu, don yanzu yana ɗaukar waya.